Amiral Charles Beresford: Taura Biyu a Baki Ɗaya

A zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta mulki Ingila daga 1837 zuwa 1901, doka ba ta hana hafsan soja tsayawa zaɓe ba. Hafsan da ba a ba shi jirgi ba sai ya koma gida yana karɓar rabin albashi, kuma in yana da suna ko dukiya, ya nemi kujera a majalisar dokoki, ya zauna a can har ran da aka sake kiransa teku. Da yawa sun bi wannan hanya suka wuce ba a ji ɗuriyarsu ba. Amma akwai ɗaya da ya mai da ita sana'a ta tsawon shekara arba'in, yana shiga yana fita, har ya wakilci mazaɓa biyar daban-daban, ya kuma kai ga muƙamin amiral. Shi ne Lord Charles Beresford, wanda talakawan Ingila da matuƙan jiragensa suke kira Charlie B.

An haife shi ran 10 ga watan Fabrairu na 1846 a ƙasar Ailan, ɗa na biyu ga mai sarautar Waterford, gidan manyan masu gonaki waɗanda asalinsu da addininsu suka fi karkata ga Ingila bisa ga talakawan Katolika da ke noma musu ƙasa. A irin waɗannan gidaje ɗan fari ke gadon sarauta da filaye, ƙanne kuwa sai su nemi abin yi a soja ko a coci. Charles ya shiga sojan ruwa a 1859 yana da shekara 13. Jirgin farko da ya yi aiki cikinsa, Marlborough, na katako ne mai hawa uku na igwa, yana tafiya da filafilai, ga kuma injin tururi a matsayin taimako. Kafin ya bar aiki a 1911 sai da ya ga jiragen ƙarfe masu harba harsashi nisan kilomita da yawa, ya ga wayar iska, ya ga jirgin ƙarƙashin teku. Rundunar da ya shiga kuwa tana da wani ciwo da ba ta sani ba: tun bayan yaƙin Trafalgar na 1805 ba ta sake samun abokin gaba da ya kai ta ƙarfi a teku ba. Saboda haka tsabtar jirgi, ƙyallin tagulla da saurin nannaɗe filafilai suka zama ma'aunin gwanintar hafsa, harbi kuwa ya koma abin da ake yi don sauke nauyi.

A 1874, yana ƙaramin hafsa mai shekara 28, aka zaɓe shi depite na yankin Waterford a ƙarƙashin jam'iyyar ƴan mazan jiya ta Disraeli. Bai ajiye kaki ba. Shekara ɗaya bayan haka ya raka yarima mai jiran gado, wato Edward, ziyarar da ya kai Indiya, suka ƙulla abota ta sukuwa da raha da liyafa, har daga baya aka ba shi riƙon jirgin shaƙatawa na gidan sarauta. Ya rasa kujerarsa a zaɓen 1880. Da a nan labarin ya tsaya, da ba wanda zai tuna da shi sai dangi.

Masar ce ta yi masa suna. Hadiwi Isma'il ya ciwo bashin da ya fi ƙarfin ƙasar, har ya sayar wa Ingila da hannun jarinsa na mashigin Suwez a 1875 kan fam miliyan 4, sa'an nan Ingila da Faransa suka ɗora hannu bisa baitulmalin Masar don su tabbatar an biya masu bin bashi. Aka tuɓe Isma'il a 1879 aka naɗa ɗansa Taufiƙ. Wani kanar ɗan ƙauye, Ahmad Urabi, ya tashi da goyon bayan sojoji da malamai da manoma yana neman Masar ta koma hannun Misirawa. A watan Yuni na 1882 tarzoma ta ɓarke a Iskandariya, aka kashe Turawa kimanin hamsin da Misirawa da suka fi haka yawa. Jiragen yaƙin Ingila da na Faransa suna tsaye a bakin tashar. Da Amiral Seymour ya ba da wa'adi cewa a miƙa masa ganuwoyin da ke tsaron gaɓa ko ya buɗe wuta, sai jiragen Faransa suka ɗaga anga suka tafi, Ingila ta rage ita kaɗai. Ran 11 ga watan Yuli, tun da ƙarfe bakwai na safe, aka fara ruwan wuta bisa ganuwoyin, aka yini ana yi.

Beresford yana riƙe da wani ƙaramin jirgi mai igwa uku, Condor, wanda aikinsa kai saƙo ne da taimakon manyan jirage. Da ya ga igwogin ganuwar Marabut suna damun manyan, sai ya kutsa da jirginsa har ƙarƙashinta, kusa ƙwarai yadda masu harbi daga sama ba su iya sunkuyar da bakin igwa su same shi, ya yi ta dukanta na tsawon sa'o'i. Amiral ya ɗaga tutocin ishara yana yaba wa Condor a gaban runduna duka. Ba za a hana mutumin jaruntakarsa ba, domin harsashi ɗaya daga waccan ganuwa ya isa ya nutsar da jirgin. Sai dai akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya lura da shi: a cikin Condor ran nan akwai wakilin jaridar The Times, Moberly Bell, da mai zanen hotuna na wata jaridar Landan, Frederic Villiers. Manyan jirage takwas ne suka rushe ganuwoyin Iskandariya, amma ƙaramin da ya ɗauki ƴan jarida shi ne ya cika shafuffukan Landan. Ɗaya daga cikin manyan, Inflexible, yana hannun wani kaftin mai suna John Fisher, wanda zai sake fitowa a wannan labari.

Bayan harbin, gobara da wasoso suka cinye tsakiyar birnin. Aka sauko da Beresford aka ba shi aikin maido da doka, ya kafa kotun soja ta gaggawa, aka harbe waɗanda aka kama suna sa wuta, aka yi wa ɓarayi bulala. A Ingila an kira wannan aiki ƙwazo. Ba kowa ya yarda ba ko a can: John Bright, dattijon siyasa, ya ajiye muƙaminsa a gwamnatin Gladstone don nuna ƙin abin da aka yi wa Iskandariya. A watan Satumba aka karya rundunar Urabi a Tal al-Kabir, aka kai shi gudun hijira tsibirin Silon. Sojojin Ingila da suka ce sun shigo na ɗan lokaci ba su gama fita daga Masar ba sai 1956.

Wanda ya riƙe Masar dole ya gaji rikicinta na Sudan. A can Muhammad Ahmad ya bayyana kansa a matsayin Mahadi tun 1881, kiransa ya bazu har yammacin Afirka, inda Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a daga ƙasar Adamawa. A 1884 Ansaru suka kewaye Hartum da Janar Gordon a ciki. Gwamnatin Gladstone ta yi ta jan ƙafa, daga bisani ta tura Janar Wolseley ya bi kogin Nilu ya cece shi. Beresford ya samu shiga a matsayin shugaban ƴar ƙungiyar sojan ruwa. Da lokaci ya ƙure, aka yanke shawarar wani kashi ya yanke hamadar Bayuda bisa raƙuma, matuƙan jirgi su ma suka hau amale.

Ran 17 ga watan Janairu na 1885, kusa da rijiyoyin Abu Tulaih, waɗanda Turawa ke rubutawa Abu Klea, sojojin Ingila kimanin 1,400 suka jeru sahu huɗu kamar ɗaki mai kusurwa huɗu, raƙuma a tsakiya. Ansaru suka faɗo musu da māsu da takubba. Beresford yana da bindiga ƙirar Gardner, mai ruwan harsashi, wadda ake juyawa da hannu. Ya sa aka tura ta waje da sahu don ta samu fili, ta yi ƴan harbe-harbe, ta cije. Cikin ƙiftawar ido aka kashe mutanen da ke kanta, har da mataimakansa biyu, shi kuwa ya faɗi gefen bindigar, ya tsira. Ansaru suka shiga cikin sahun ta wannan kusurwa, abin da ba a saba gani ba, raƙuman da ke tsakiya ne suka tare su har sahun baya ya juyo ya buɗe wuta. Karon bai wuce minti goma sha biyar ba. Ingilishi fiye da 70 suka mutu, Ansaru fiye da dubu. Masana tarihin soja har yau suna tambayar ko fitar da bindigar nan daga sahu jaruntaka ce ko ganganci.

Hartum ta faɗi ran 26 ga watan Janairu, aka kashe Gordon. Kanar Charles Wilson, da ya hau jiragen tururi biyu daga kusa da Matamma, ya iso bayan kwana biyu, ya tarar da tutocin Mahadi, ya juya. A kan hanyar dawowa jiragen duka biyu suka bugi duwatsu, mutanensa suka maƙale a wani tsibiri. Beresford, yana fama da maruru har ba ya iya tsayuwa sosai, ya ɗauki wani tsohon jirgi mai suna Safiya ya tafi ɗauko su. A Wad Habashi igwar Ansaru ta huda tukunyar tururin jirgin. Aka jefa anga a tsakiyar kogi, ana musayar wuta, injiniya Henry Benbow ya shiga cikin tukunyar tun ba ta gama hucewa ba, ya yi awa kusan goma yana ɗinke ramin da farantin ƙarfe. Da gari ya waye suka tada injin, suka kwaso Wilson da mutanensa. Yaƙin duka ya tashi a banza, tun da wanda aka je ceto ya mutu, kuma aka bar Sudan ga Mahadi. Ƙasar da aka kunyata tana neman gwarzon da za ta rungume, ta samu Beresford. Shi ma, a yi masa adalci, bai ɓoye sunan Benbow ba, ya yi ta neman a saka masa.

Da wannan jari ya koma siyasa. A 1885 ya ci kujerar Marylebone ta gabas a Landan, a 1886 firaminista Salisbury ya sa shi cikin majalisar gudanarwa ta Ma'aikatar Sojan Ruwa. Abin da ya tarar ya ba shi tsoro. Runduna mafi girma a duniya ba ta da wani ofishi da aikinsa shi ne tunanin yadda za a yi in yaƙi ya tashi gobe: wane jirgi zai je ina, ina za a samo gawayi, mutum nawa za a kira, me abokin gaba yake da shi. Ya rubuta takardar sirri kan haka, takardar ta ɓulla a jaridar Pall Mall Gazette, hayaniya ta tashi, aka kafa sashen tattara bayanai na sojan ruwa a 1887. Da aka rage albashin hafsoshin sashen, sai ya ajiye muƙaminsa a watan Janairu na 1888, ya koma kujerun baya na majalisa yana caccakar gwamnatin jam'iyyarsa. A ƙarshen shekarar ya nemi a kashe fam miliyan 20 wajen ƙera jirage. Ministoci suka ce ya cika baki. Ba a yi wata shida ba suka kawo dokar tsaron teku ta 1889: fam miliyan 21 da rabi, jirage 70, goma daga ciki manyan masu sulke, tare da ƙa'idar cewa rundunar Ingila ta kai ƙarfin ta ƙasashe biyu mafiya ƙarfi in an haɗa su, wato Faransa da Rasha a lokacin. Ba shi kaɗai ya jawo dokar ba, amma muryarsa ta fi ta kowa amo.

A nan ne ya koyi darasin da ya zame masa guba. Ya gane cewa hafsan da shugabanninsa suka ƙi saurara yana iya zagayawa ta jarida da majalisa ya tilasta musu. Sau ɗaya dabarar ta yi amfani ga ƙasa, sai ya ɗauka kullum haka za ta yi. Taura biyu ba ta taunuwa: soja aikinsa bin umarni, depite aikinsa tuhumar masu ba da umarni, kuma mutum ɗaya ba ya yin duka biyun ba tare da ɗaya ya ɓata ɗaya ba.

A daidai wannan lokaci ya ɓata da yarima Edward kan wata mata mai suna Lady Brooke da wata wasiƙa da ta faɗa hannun matarsa. Rigimar ta yi muni har sai da firaminista da kansa ya shiga tsakani a 1891. An yi sulhu na baki, amma abotar ta mutu, kuma mutumin da ya ɓata wa rai shi ne ya zama Sarki Edward na Bakwai a 1901. Shekarun da suka biyo baya sun wuce cikin kai da kawo: jirgin Undaunted a Bahar Rum, kujerar York a 1898, tafiya ƙasar Sin a madadin ƙungiyoyin ƴan kasuwa, wadda ta haifar da littafinsa The Break-Up of China a 1899, sai kujerar Woolwich a 1902.

Daga 1900 zuwa 1902 ya yi mataimakin kumandan rundunar Bahar Rum, shugabansa kuwa Fisher ne. Mutanen biyu sun yi kama ta wajen kaifin baki, son a san da su da iya sarrafa ƴan jarida, sun bambanta ta wajen asali. Fisher an haife shi a Silon a 1841, ɗan wani tsohon hafsa da noman kofi ya karya, ya shiga aiki ba ko anini, ya hau da kansa. Beresford ɗan sarauta ne da bai taɓa sanin rashi ba. A watan Oktoba na 1904 Fisher ya zama babban hafsan hafsoshin ruwa, ya shiga gyara ba sani ba sabo. Ya soke tsofaffin jirage fiye da 150 da ke warwatse a tashoshin duniya, yana cewa ba su iya faɗa, ba su iya gudu. Ya janyo ƙarfin runduna zuwa tekun Arewa don fuskantar Jamus. Ya ƙera Dreadnought a 1906, jirgin da ya mai da duk manyan jiragen duniya tsofaffin yayi. A watan Disamba na 1905 aka ƙara masa girma zuwa muƙamin da ya ba shi damar ƙara shekara biyar a bakin aiki. Beresford, wanda ke ganin kujerar tasa ce in Fisher ya sauka, ya lissafa shekarunsa ya ga ƙofa ta rufe.

Daga 1907, yana kumandan rundunar da ke tsaron mashigin tekun Ingila, ya mai da jirginsa da gidansa na Landan matattarar duk wanda Fisher ya taka. Hafsoshi suka rabu gida biyu. Abin da ya faru a watan Nuwamba na 1907 ya nuna inda aka kai. Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu zai kawo ziyara, Beresford ya ba da umarni a dakatar da atisaye a shafa wa jirage fenti. Amiral Percy Scott, gwanin harbi kuma na hannun daman Fisher, ya aika wa ɗaya daga cikin jiragensa saƙo na ba'a cewa ya dawo ya yi kwalliya, tun da fenti ya fi harbi daraja. Beresford ya kira shi ya ci mutuncinsa a gaban jama'a, ya aika wa runduna duka saƙon tsawatarwa, ya nemi a tuɓe shi. Ma'aikata ta ƙi. Jaridu suka yi makonni suna cin kasuwa da zancen, Jamusawa suna karantawa.

A watan Maris na 1909 aka gajarta wa'adinsa aka sauke shi. Dubban mutane suka tarbe shi a Portsmouth da tashar jirgin ƙasa ta Waterloo suna shewa. Ya rubuta wa firaminista Asquith cewa runduna ba ta shirya wa yaƙi ba, Asquith kuwa, maimakon ya hukunta hafsan da ya kai ƙarar shugabanninsa, sai ya kafa kwamitin bincike ya shugabance shi da kansa, tare da ministoci huɗu. A gaban kwamitin Beresford bai yi abin kirki ba: ya yi ta yawo da zance, hujjojinsa da yawa suka rushe. Rahoton da ya fito a watan Agusta ya ce ƙasa ba ta shiga haɗari ba. Amma bai wanke Fisher sarai ba, ya kuma nuna bukatar a kafa majalisar hafsoshi masu tsara yaƙi, abin da Faransawa ke kira état-major, wanda Fisher ya ƙi jini domin ya fi son tsare-tsaren yaƙi su zauna a cikin kansa shi kaɗai. Fisher ya sauka a watan Janairu na 1910. Beresford ya kada abokin gabansa, bai kuwa hau kujerar ba.

Kan wannan batu ɗaya, gaskiya tana wajensa tun 1886. A watan Agusta na 1911, lokacin rikicin Agadir tsakanin Faransa da Jamus kan Maroko, gwamnati ta kira shugabannin soja ta tambaye su shirinsu. Sojan ƙasa suka kawo jadawali dalla-dalla, magajin Fisher kuwa bai kawo wani abin kamawa ba. Aka tura Winston Churchill ma'aikatar, ya kafa majalisar hafsoshin a farkon 1912. Haka kuma ƙarancin ƙananan jirage masu rakiyar na ƴan kasuwa, da ya addabi Ingila a 1917, ya sa wasu masana suka ce kukan da ya yi kan soke jirage ba duka ne son zuciya ba. Amma kan manyan al'amura Fisher ne ya hango daidai: Jamus ce abokiyar gaba, manyan jirage irin Dreadnought ne suka tsare tekun Arewa, kuma jirgin ƙarƙashin teku, wanda Beresford ya raina ya kira abin wasan Fisher, shi ne ya kusa sa Ingila ta durƙusa.

Shekarunsa na ƙarshe ba su ƙara masa daraja ba. Ya wakilci Portsmouth daga 1910 zuwa 1916, ya wallafa The Betrayal a 1912 yana maimaita tsofaffin ƙorafe-ƙorafe, har Churchill ya yi masa ba'a a majalisa cewa yana cikin masu jawabin da ba su san abin da za su faɗa ba kafin su tashi, ba su san abin da suke faɗa ba suna tsaye, ba su kuma san abin da suka faɗa ba bayan sun zauna. Da yaƙi ya ɓarke a 1914 ya shiga sahun masu yaɗa zargi kan Yarima Louis na Battenberg, babban hafsan hafsoshin ruwa na lokacin, don kawai asalinsa Bajamushe ne, alhali mutumin ya yi wa Ingila aiki fiye da shekara arba'in. Battenberg ya ajiye aiki a watan Oktoba na wannan shekara. Wanda aka kira ya maye gurbinsa shi ne Fisher, yana da shekara 73.

A watan Janairu na 1916 aka ba Beresford sarautar baron, ya koma majalisar dattawa. Al'ada ce sabon mai sarauta ya zaɓi sunan wuri ya liƙa wa laƙabinsa, shi kuwa ya zaɓi biyu: Curraghmore, gidan kakanninsa a Ailan, da Matamma, garin da ke bakin Nilu, wanda sojojin Ingila suka tunkara ran 21 ga watan Janairu na 1885 suka ja da baya ba su ci shi ba. Ya rasu ran 6 ga watan Satumba na 1919 a arewacin Sikotilan, yana da shekara 73, aka yi masa addu'ar jana'iza a majami'ar Saint Paul ta Landan. Ƴaƴansa biyu mata ne, saboda haka sarautar ta ƙare da shi.